Tsohon Akun Kweka a Gida: Abin da Cizonsa, Ihunsa da Shirunsa Ke Nufi

Akun Kweka ƙaramin tsuntsu ne kore, goshinsa da ƙirjinsa ruwan toka, dogayen gashin fiffikensa shuɗi. Daga kai zuwa bindi bai wuce santimita 29 zuwa 30 ba, nauyinsa galibi tsakanin giram 90 da 120. Masana na kiransa Myiopsitta monachus, kuma asalinsa Kudancin Amurka ne: Ajantina, Yurugwai, Faragwai, Bolibiya da kudancin Barazil. Wanda bai san shi ba zai ɗauka tsirya ce irin tamu, amma tsirya jan baki gare ta da siririn bindi mai tsawo, shi kuwa bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kuma ya fi ta kauri. Idan ya samu kulawa yana kai shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane. Wannan tsawon rai shi ke sa a wayi gari tsuntsun da aka saya ɗan ƙarami ya tsufa a gida, masu gidan ba su ankara ba.

Galibi daga shekara 12 zuwa 15 alamun tsufa ke fara bayyana, wanda aka raina da gyaɗa da abinci mai maiƙo kuma nasa kan riga haka. Kuma tsufan ba a gashi ake fara ganinsa ba, a hali ake gani. Tsuntsun da ya saba hawa hannu sai ya fara kai cizo. Mai surutu ya yi tsit, ko mai kwana lafiya ya fara faɗowa daga sanda cikin dare. Abin da mutane suka fi cewa shi ne ya lalace, ko ya yi rikicin tsufa. A ganinmu wannan fassarar ita ce ta fi cutar da tsuntsun. Hausawa sun ce hali zanen dutse, kuma a kan wannan tsuntsu maganar tana nan daram: akun da ya shekara 10 da hali guda ba ya sauya shi haka siddan. In ya sauya, a fara binciken jikinsa, sannan a duba me ya canza a gidan, sai a ƙarshe a yi maganar tarbiyya.

Halin da aka haife shi da shi

Kafin a ɗora wa tsufa laifi, ya kamata a san abin da yake ɗabi'arsa tun fil azal. Cikin ire-iren aku na duniya, Kweka ne ya yi fice da gina sheƙa da ƙirare, sauran a kogon itace ko rami suke ƙwai. Kuma ba sheƙa ɗaya ba: gungu suke haɗuwa su gina babban gida mai ɗakuna da yawa, kowane miji da mata da ƙofarsu, har ginin ya kai kilo 200. A cikinsa suke kwana duk shekara, ba sai lokacin kwanci ba. Wannan gida ne ya sa waɗanda suka kufce daga keji suka iya rayuwa cikin sanyin Shikago da Niyok, suka kuma yaɗu a Madrid da Basalona, har wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya suka hana ajiye shi.

Daga nan tsaron keji ya samo asali. A wurin Kweka keji turakarsa ce, zura masa hannu ciki kai tsaye kuwa kamar faɗa wa mutum turaka ne ba sallama. Shi ya sa za ka ga tsuntsun da ke kai sara a bakin keji, da zarar ya fito an kai shi wani ɗaki sai ya kwantar da kai a sosa masa. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba ya barinsa don ya tsufa, sai ma dai ya ƙaru. Maganinsa a buɗe ƙofa a ja da baya, ya fito da kansa. A koya masa hawa sanda, ba yatsa kaɗai ba, domin ranar da ransa ke ɓace sandar ce za ta ɗauki cizon. Shara da sauya ruwa da abinci a yi su lokacin da yake waje. In za a yi sabon keji, a sa maƙeri ya fitar da ƙananan ƙofofi a gefe inda kwanukan suke, yadda za a ciro su ba tare da hannu ya shiga ba.

Haka kuma son saƙa. Zai tara tsinke, murfin biro, cokali, duk abin da ya samu, ya cusa tsakanin wayoyin keji, in an taɓa masa ya yi faɗa. A ba shi abin saƙar da ba zai cutar da shi ba: kaba, ganyen dabino, siraran karan dawa, rassan gwaiba da aka wanke aka shanya. A nisanta shi da duk itacen da ke fitar da farin ruwa, irin tumfafiya da aguwa, haka ma bini-da-zugu, da duk reshen da aka yi wa feshin magani.

Cizon da ba a saba gani ba

Cizon da ya kamata ya tayar da hankali shi ne sabo: wanda yake yi a wajen keji, ga mutumin da ya yarda da shi, a kan abin da a da ba ya damunsa. Abu biyu ne suka fi jawo shi ga tsohon tsuntsu, ido da gaɓɓai.

Yanar ido tana kama tsofaffin aku sosai. Idon Kweka baƙi ne, don haka ba a saurin lura, sai an duba shi a wuri mai haske a ga tsakiyar idon ya yi fari-fari ko hazo-hazo. Kafin a kai ga ganin hakan, halinsa ya riga ya faɗa: yana firgita in hannu ya zo ta gefe guda amma ba ya firgita ta ɗaya gefen, yana kuskuren sanda in ya yi tsalle, yana laluben kwano da baki, ya daina tashi. Tsuntsun da bai ga zuwan hannu ba sai da ya taɓa shi, cizo ne kawai abin da ya rage masa. A riƙa yi masa magana tun daga nesa, da kalma guda da zai saba da ita, a zo ta gefen idon da ke gani, a taɓa ƙafarsa da sanda a hankali kafin a ce ya hau. Mafi muhimmanci, kada a sauya wa sanduna da kwanuka wuri. Aku mai raunin gani ya haddace kejinsa, kuma yana rayuwa lafiya shekaru a haka muddin ba a rikita masa shi ba. Uwargida mai son gyara ta yi haƙuri da wannan kusurwa ɗaya.

Amosanin gaɓɓai kuwa a ƙafa yake nunawa. Aku mai lafiya kan ɗage ƙafa ɗaya ya yi barci a kan ɗaya, yana musanya su. Wanda ƙafa ke ciwo ko dai ya daina ɗagewa gaba ɗaya, ko ya riƙa dogara da guda kullum har tafinta ya yi ja, ya yi santsi, daga baya ya zama gyambo. Riƙonsa a yatsa ya yi sako-sako, ya daina riƙe abinci da ƙafa, ya kasa sosa kai, faratansa su yi zaƙo-zaƙo saboda ba ya yawo. In aka ce ya hau hannu, ana nufin ya ɗora duk nauyinsa a ƙafa mai ciwo, sai ya ciji mai cewar. In an ga fararen ƙulla-ƙulla a gaɓoɓin yatsun, wannan ya wuce amosani, alama ce ta matsalar ƙoda, kuma zafinsa mai tsanani ne.

Ga mai ciwon ƙafa, gyaran keji yana rage wahalar ƙwarai. A sauko da sanduna ƙasa, a kusanta su yadda zai taka daga wannan zuwa waccan ba sai ya yi tsalle ba. Kaurinsu ya bambanta, daga santimita 1.5 zuwa 2.5, na itace mai ɓawo, ba roba mai santsi ba. A kafa ɗan katako mai faɗi kamar tafin hannu a kusurwa inda zai miƙe yatsunsa ya huta. A shimfiɗa tawul a ƙasan keji a rufe shi da takarda saboda faɗuwa. Ruwa da abinci su dawo kusa da inda ya fi zama. Akwai maganin rage zafi da likitocin dabbobi ke bayarwa, meloksikam, amma bisa nauyin tsuntsun ake auna shi, kuma sai an duba ƙoda. Kada kowa ya ɓantari ƙwayar mutane ya jefa masa a ruwa. Daikulofenak da ake sha don ciwon jiki shi ne ya kusan ƙarar da ungulayen Indiya ta hanyar lalata musu ƙoda.

Duka, tsawa, ɗalle baki ko watsa ruwa ba sa hana cizo. Suna koya masa cewa hannu abin tsoro ne, kuma Kweka ba mai mantuwa ba ne. In ya ciza, a ajiye shi a hankali a juya baya na ɗan lokaci. In ya hau sanda lafiya, a ba shi rabin ƙwayar abin da ya fi so nan take. Minti 5 na wannan horo sau 2 a rana ya isa.

Hanta, da abin da muke zuba masa a kwano

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan ne aka fi yin asarar wannan tsuntsu. Kweka yana cikin ire-iren aku da kitse ya fi saurin taruwar musu a hanta. A daji yana tashi mai nisa kullum, a keji kuwa yana zaune, ga gyaɗa a gabansa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, haka riɗi, haka irin furen rana da ke cika abincin aku na leda. Gero da dawa kuwa man da ke cikinsu bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Tsuntsun zai tsince mai maiƙon ya bar sauran, mai shi ya ga kwano ya ragu ya ƙara masa, a haka har shekara 10.

Gyaɗa tana da wata illar ta biyu. In ta sha damshi a ajiya takan yi hunhuna mai fitar da gubar afulatoksin, wadda hanta take kai wa hari kai tsaye, kuma suya ba ta kashe ta. Ɗan abin da mutum mai kilo 60 zai ci bai ji komai ba, ga tsuntsu mai giram 100 babban abu ne. Ra'ayinmu a fili yake: tsohon Kweka ya bar gyaɗa da ƙuli-ƙuli baki ɗaya.

Hanta ba ta ihu. Alamunta su ne baki ya riƙa tsawo fiye da kima yana ɓarewa, baƙaƙen ɗigo kamar kwanciyar jini su fito a baki ko farce, koren gashi ya dushe ko ya yi baƙi-baƙi, ciki ya kumbura, numfashi ya yi nauyi bayan ɗan motsi, jini ya daɗe bai tsaya ba in farce ya karye. A ɓangaren hali, sai yawan barci da rana, ƙin wasa, saurin fushi, wani lokaci da tsigar gashi. Yanke dogon baki ba tare da an duba hanta ba aikin banza ne, zai sake fitowa.

Kashinsa ma yana magana, shi ya sa takarda ta fi yashi ko dusar katako a ƙasan keji. Abu uku ne a haɗe: dunƙulen kore ko ruwan ƙasa, farin abu mai kama da alli, da ruwa garai. Farin ya kamata ya zauna fari. In ya koma rawaya ko kore, a zargi hanta. In ruwan ya yawaita kwana da kwanaki ba tare da ya sha kankana ko wani abu mai ruwa ba, a zargi ƙoda. Baƙi ƙirin kamar kwalta jini ne. In adadin kashin ya ragu, ba ya ci, ko da kuwa ana ganinsa a bakin kwano.

Abin da ya fi dacewa shi ne abincin kamfani na aku da ake kira felet ya zama kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na cinsa, sauran ganye da kayan lambu. Samunsa a Sakkwato ba kullum ba ne, sau da yawa sai an yi saƙo, kuma felet na kaji ba madadinsa ba ne, don an haɗa shi ne saboda kaza ta yi ƙiba ko ta yi ƙwai. In babu, a haɗa da abin da ke kasuwa: gero da dawa masu tsabta, wake dafaffe lugub (ɗanye guba ne), karas, kabewa, alayyafo, ganyen zogale, tattasai, ɗan gwanda ko mangwaro kaɗan. Masu launin ja da ruwan lemo da koren ganye su ke ba shi bitamin A, wanda hatsi ba shi da shi, rashinsa kuma ke kawo toshewar hanci da ciwon numfashi. Barkono ba ya yi wa tsuntsu yaji, ba laifi ya ci. Dafaffen ƙwai kwatankwacin rabin ƙaramin cokali sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Busasshen abinci kamar babban cokali 2 a rana ne ma'aunin farawa, sikeli ne zai nuna ko a ƙara ko a rage. A wanke ganye sosai saboda feshin fadama.

Abin da ba ya ci ko kaɗan: fiya, cakulan, goro, shayi, kofi, albasa, tafarnuwa, da duk abin da aka sa wa gishiri ko magi. Garin albasa muke, tana ko'ina a tsakar gida, sai a kula. Fura da nono da sukari ma ba nasa ba ne, duk da zai yi ta roƙo in ya ga ana sha.

Sauya wa tsohon tsuntsu abinci sai da lallashi. Wanda ya shekara 15 yana cin abu guda ba ya ɗaukar sabon a matsayin abinci, kuma zai iya zama da yunwa har ya mutu ga kwano cike. Tsuntsu mai wannan girman ba ya jure kwana 2 ba ci. A fara ba shi sabon da sassafe lokacin da yake jin yunwa, a yanka ƙanana a cakuɗa da ɗan geron da ya sani, a ci a gabansa don yana kwaikwayon abokin zamansa. A rage tsohon abincin kaɗan-kaɗan cikin mako 6 zuwa 8. Mai ƙiba kada ya sauke fiye da giram 1 zuwa 2 a mako, rama ta gaggawa ƙara wa hanta nauyi take.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da ƙaramin sikelin da ke auna giram ɗaiɗai. A auna shi da safe kafin ya ci, sau ɗaya a mako, a rubuta. Tsuntsu yana ɓoye ciwo saboda a daji mai rauni ake fara kamawa, gashi kuma yana rufe rama. In mai giram 110 ya dawo 99 ba da gangan aka rage masa ba, kashi 10 cikin 100 ke nan, a nemi likita ko da yana ta surutunsa. A riƙa shafa ƙirjinsa kuma: in ƙashin tsakiya ya fito da kaifi ya rame, in ya nutse cikin tsoka har ba a jin sa ya yi ƙiba.

Ihu, shiru da kewa

Kweka mai hayaniya ne, da safe da kuma gab da magariba zai yi kiran 'yan uwansa, kuma mutanen gidan su ne 'yan uwan. In ya kira daga wani ɗaki a amsa masa da fito ko da kalma guda, sau da yawa abin da yake nema ke nan. In aka yi banza da ƙaramin kira aka taso da gudu sai ya tsala ihu, to an koya masa ihu. Tsoho mai raunin ido yakan ƙara yawan kira don ba ya ganin inda mutane suke. A matso da kejinsa inda ake zama, bayansa jingine da bango.

Shiru ya fi ihu ban tsoro. Aku mai sallama, mai kiran sunayen yara, mai kwaikwayon ƙarar waya, in ya yi tsit kwana guda, ya kumbura gashi, ya lumshe ido, ko muryarsa ta shaƙe, ba lafiya. In bindinsa na sama da ƙasa tare da numfashi, ko ya sauka ƙasan keji ya zauna, ba a kwana da wannan. Amma ƙarar goga baki da yake yi in barci ya zo, wannan alamar natsuwa ce.

Yakan zaɓi mutum guda ya maƙale masa, ya yi kishi a kansa, har ya ciji wanda ya zauna kusa da shi. Matsalar takan fito ranar da mutumin ya bar gida: an kai yarinya ɗakin miji, yaro ya tafi makaranta, Hajiya ta tafi aikin Hajji, ko an yi rasuwa. Tsuntsun ya rage ci, ya yi ta kira, ya fara tsigar ƙirji. Tun kafin ranar ta zo a raba hidimarsa tsakanin mutum 2 ko 3, kuma abin da ya fi so ya riƙa fitowa daga hannun wanda bai fi so ba.

Sosa kuma a tsaya a kai da wuya. Shafa baya, gindin bindi da ƙarƙashin fiffike a wurinsa neman aure ne. Shi ke sa ya riƙa amayo wa mutum abinci, ya ƙara zafin tsaron keji, mace kuma ta fara ƙwai ko babu namiji. Hasken lantarki da talabijin har tsakar dare suna ƙara ingiza wannan. Yana bukatar duhu da shiru na awa 10 zuwa 12. Macen da ta manyanta ƙwai haɗari ne gare ta, don yana zuƙe mata sinadarin ƙashi. In ta yi, kada a kwashe nan take, za ta sake wasu. A bar mata su kamar mako 3 har ta gaji ta bari. In aka ga ta zauna ƙasa tana yunƙuri, ciki a kumbure, ƙafafu a buɗe, ƙwai ya maƙale. Kada a matsa cikin, kada a ɗura mai. A sa ta wuri mai ɗumi a garzaya asibiti.

Tsigar gashi a bambanta ta da sake gashi na al'ada. Mai sake gashi ba ya yin sanƙo. Mai tsiga kuwa ƙirji da cinya da ƙarƙashin fiffike sun yi fili, kai yana nan lafiya don bakinsa ba ya kaiwa can. Kweka yana da wani mugun mataki da aka san shi da shi, inda yake wuce gashi ya kama cin naman jikinsa, cikin dare ɗaya ya yi rami. Wannan na gaggawa ne. Kada a shafa masa man shafawa, man ja ko toka, maiƙo yana ɓata gashi ya ƙara masa dalilin tsiga.

Bazara, hunturu da hayaƙin gida

Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 zuwa 42, kuma ba ya gumi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, tsoho mai ƙiba ko mai ciwon hanta shi ke fara faɗuwa. In ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jiki, zafi ya yi masa yawa. A kai shi ɗakin da ya fi sanyi, a fesa masa ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, a jiƙa ƙafafunsa. Kada keji ya wuni ƙarƙashin rumfar kwano. Fanka ta kaɗa ɗakin ba tsuntsun ba, ta sama kuma a kashe ta duk lokacin da ya fito. Jiƙaƙƙen buhu ko zane a gefe ɗaya na keji yana sanyaya iska sosai a busasshen yanayi irin namu. Ruwan sha a sauya sau 2 ko 3, don yana son tsoma abinci a ciki, jiƙaƙƙen abinci kuma a ɗauke bayan awa 1 zuwa 2.

Sanyin hunturu bai kai ya kashe Kweka mai lafiya ba. Ƙura da bushewar fata su ne matsalar, sai kuma abin da muke kunnawa don jin ɗumi. A rufe gefe 3 na keji da dare, a ba shi wanka da hantsi a faranti mai ruwa santimita 1 zuwa 2. Rana ta safe ta minti 15 zuwa 30 tana gina masa ƙashi, amma ba ta bayan gilashi ba, kuma rabin kejin ya kasance a inuwa, da mutum a kusa saboda mage da shirwa. A wannan lokacin ne annobar kaji ta Niyukasul ta fi yawa, tana kuma kama aku, don haka kejinsa ya yi nesa da kaji da tantabaru, wanda ya dawo daga kasuwar kaji ya wanke hannu kafin ya taɓa shi.

Huhun tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar abin da ke cikin iska. Turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, fiya-fiya da sauran na feshi, gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙin janareta, duk suna iya kashe shi, wasu cikin mintuna. Haka kaskon zamani da abinci ba ya kamawa in ya yi zafi fiye da kima. In za a turara ɗaki ko a yi feshi, a fitar da shi, kada ya dawo sai warin ya tafi gaba ɗaya. Sauro kuwa gidan sauro a kan keji ya wadatar. Kejin da aka yi da sabuwar raga mai zinki ko tsohon fenti mai darma yana sa guba a hankali ga tsuntsu mai tauna waya, alamarta amai, yawan shan ruwa, rawar jiki ko farfaɗiya. Tazarar wayoyi kada ta wuce santimita 1.6, don kai kada ya maƙale.

Zuwa wurin likita

Tsohon Kweka ya kamata likita ya gan shi sau 2 a shekara ko da lafiyarsa lau, da gwajin jini na hanta da ƙoda in da hali. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, nan ne wurin farawa, kuma a faɗa tun farko cewa aku ne don a haɗa mutum da wanda ya saba da tsuntsaye. Maganin kaji da ake saya a shago a zuba a ruwa ba a san nawa ya sha ba, ɗacinsa kan sa ya daina shan ruwan, kuma yana ɓata sakamakon gwaji. In tsuntsun na fitar da ruwa a hanci da ido, kashinsa kore shar, sannan wani a gidan ya kamu da zazzaɓi da tari, a gaya wa likitan mutane cewa akwai aku a gidan, don akwai cutar da ke tsallakowa daga gare shi.

A tafi da shi da sassafe, cikin ƙaramin akwati mai ƙofofin iska da tawul a ƙasa, ba sanda, a lulluɓe da zane mara nauyi, ba a but ɗin mota ba. A riƙe takardar ƙasan keji ta daren jiya, littafin awon nauyi, samfurin abincin da yake ci, da bidiyon abin da aka ga yana yi a waya, domin a gaban baƙo zai miƙe tsaf ya ɓoye rabin ciwonsa.